Da gaske giliya sun ninka ƙwayoyin jijiya sau goma a ƙwaƙwalwa?

Tsohon malamin bayoloji: Shekara da shekaru ina koyar da cewa a ƙwaƙwalwar ɗan Adam kowace ƙwayar jijiya, wato niyuron, tana da wasu ƙwayoyi goma da ba na jijiya ba, da ake kira giliya, masu yi mata hidima. Haka muka tarar a littattafai. Yau wata ɗaliba ta ce min wannan magana ta faɗi. Ni kam ban gamsu ba.

Ɗalibar likitanci: Malam, a gafarce ni, amma yarinyar ta fi gaskiya. A 2009 Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta a Brazil suka zauna suka ƙirga. Sun narkar da ƙwaƙwalwa har ta koma ruwa-ruwa, cibiyoyin ƙwayoyin suka rage suna yawo a ciki, suka rina na niyuron da kalar da ke bambanta su, suka ƙirga a madubin likita. Niyuron wajen biliyan 86, sauran ƙwayoyin wajen biliyan 85. Kunnen doki ke nan, ina sau goma?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ƙanwata, a yi sannu. Ƙwaƙwalwa huɗu kacal suka yi aiki da su, duk na maza. Kuma jimilla tana ɓoye abu. Ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya, serebelam, ita kaɗai ta kwashe niyuron wajen biliyan 69, ƙanana cunkushe, giliyarta kuwa kaɗan ce. Ɓawon babbar ƙwaƙwalwa, inda tunani da magana suke, biliyan 16 ne kawai, kuma a can giliya sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ki ɗora yankin farin sashen da ke ƙarƙashin ɓawon a gilashi ki duba a madubin likita: zaruruwan jijiya ne da giliya jere a tsakaninsu, da ƙyar ki ga jikin niyuron.

Tsohon malamin bayoloji: Madalla. Ashe abin da idona ya gani ba ƙarya ba ne.

Ɗalibar likitanci: Ba ƙarya ba ne, Malam, amma ko a ɓawon ba su kai ninki goma ba. Yaya kuma, ka manta cewa cikin biliyan 85 ɗin har da ƙwayoyin bangon hanyoyin jini, giliya zalla ba su kai haka ba. Huɗu sun yi kaɗan, na yarda. To waccan goman, wa ya ƙirga ta, a ƙwaƙwalwa nawa? Masu binciken da suka bi sawunta ba su sami ƙidayar da ta haife ta ba, littafi ne ke kwafa daga littafi.

Wata nas: Ni abin da ke damuna shi ne kalmar hidima. Tun 1856 da likitan Jamus Rudolf Virchow ya raɗa wa giliya suna mai ma'anar gam ake raina su. Oligodendrosait a ƙwaƙwalwa da laka, da ƙwayar Schwann a jijiyoyin jiki, duk nau'in giliya ne, su ke naɗe zaren jijiya da rigar kitse, mayelin. Da ita saƙo yakan kai mita 120 a daƙiƙa, ba ita kuwa wajen mita 1. Wanda ya yi jinyar mai ciwon da ke cinye wannan rigar ya ga yadda gani da tafiya ke lalacewa. Maikurogiliya kuma su ne masu gadi da shara.

Tsohon malamin bayoloji: Hajiya, kin taɓa ni. Zan goge goman daga takardun darasina. Amma ɗaya da ɗaya ma ba zan rubuta shi tsirara ba, sai na haɗa da sunan sashen da ake magana a kai.