Wa ya share wa Nasara hanya?

Bakanon Dabo: Jama'a, raina a ɓace yake. Yarona ya dawo daga makaranta, wai malaminsu ya ce 'yan mishan ilimi da magani kawai suka kawo mana. A 1900 Bishop Tugwell ya shigo Kano da mutanensa, Sarki Alu ya kore su. Ba a cika shekara uku ba sojan Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, suka fasa ganuwa. Duk Nasara ne, wannan ya leƙo, wancan ya harbo.

Ɗan Wusasa: Yallaɓai, janye kalmar nan. Ni Bahaushe ne kuma Kirista, yaya za ka zuba ni kwando ɗaya da Lugga?

Malama: Ai Nasara Larabci ce, Kirista take nufi, tana cikin Alƙur'ani. Ba zagi ba ce.

Ɗan Wusasa: Malama, idan tsoho ya ce "zamanin Nasara", coci yake nufi ko mulkin mallaka? Lugga da bakinsa ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba zai taɓa addini ba. Gwamnatinsu ta daɗe tana tare wa mishan hanyar shiga biranen sarakuna.

Bakanon Dabo: To Likita Mila, ɗan mishan, ta ina ya bi ya zauna cikin birnin Zariya a 1905? Amma ban yi mamaki ba, Sarkin Zazzau Kwasau ne ya kira Turawa da kansa.

Bazazzagi: Kul! Sarkin Kwantagora ne ya addabi ƙasarsa, ya nemi agaji. Ku naku sarkin yana ina ranar da aka ci Kano?

Bakanon Dabo: Yana Sakkwato, kowa ya sani. Kada ka taɓa Alu.

Malama: Ni dai a kan kalma nake. Ko "Bature" ma ai ba addini ba ce.

Bazazzagi: Mu muka ji jiki. Ƙorafin Mila na cikin abin da ya sa aka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja, sannan a 1929 mishan ta bar birnin Zariya ta koma Wusasa.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, Malama ta yi gaskiya, Nasara ba zagi ba ce, kuma ba wanda ya musa cewa Kano ce ta fara gane su ta kore su. Maganar Zazzau a bar ta zuwa wani lokaci. Na rufe.