Abin da aka faɗa kan taimakon baƙin da suka yi gudun hijira zuwa Kaduna

Jama'a, mun tattauna yadda za a taimaki baƙin nan, zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya ce a fara da mai unguwa. Shi ya san wanda ya sauka a Rigasa ko Mando, daga Birnin Gwari yake ko daga Zamfara. In mutanen suna da yawa, a sanar da SEMA (hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha) ko Red Cross.

2. A tambayi abin da suke buƙata kafin a kai. Wata ta ce buhun shinkafa ta kai wa wata uwa, ta tarar ba tukunya, ba gawayi, yaranta kan siminti suke kwana. Tabarma, bokiti, gidan sauro da sabulu su ma taimako ne.

3. Rakiya. Baƙo bai san gari ba: a kai yara allurar rigakafi, a sa su firamare, a nuna musu wurin yin NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa.

4. Ban da ɗaukar hoto. Nan ba wanda ya yi musu.

Inda aka rabu shi ne kuɗi. Wasu sun ce a ba mutum a hannu, shi ya san ciwon kansa. Wasu sun ce gara jarin ƙosai ko keken ɗinki. Ni dai na fi karkata ga na farkon, ko ba komai akwai kuɗin haya.

Saukar da baƙo a gida ma an ja. Masu taka-tsantsan sun ce sai da shaidar mai unguwa, kuma mata su kula da mata.