Shawarwarin da aka tattara a Gombe kan shekaru masu zuwa

A zaman da malamai da manoma da 'yan kasuwa suka yi a Gombe, yawancin magana ta tsaya ne kan yanayi, domin a shekarar 2024 ɗumamar duniya ta haura digiri 1.5 sama da zafin da ake da shi kafin zamanin masana'antu, iyakar da yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi ta so a kiyaye. Mahalarta sun yi hasashen cewa damina za ta ƙara rikicewa, ruwa ya makara sannan ya sauko da ƙarfi lokaci guda, kamar yadda ambaliya ta ci Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. Sun shawarci manomi ya saurari hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, kafin shuka, ya nemi irin gero da masara mai saurin nuna, a kuma daina gini a bakin kwazazzabai. A ganina wannan ta ƙarshe ta fi gaggawa, domin zaizayar ƙasa tana cin unguwanninmu kowace damina.

Game da zaɓen 2027, wani dattijo ya gargaɗi matasa kada su yaɗa murya ko bidiyon da ba su tantance ba, tun da kwamfuta tana iya kwaikwayon muryar ɗan takara yanzu. Iyaye mata kuwa sun nemi a karɓi rigakafin zazzaɓin cizon sauro da zarar ya iso asibitocinmu.