Gajerun kwasa-kwasai ga yaran masu kyamara: abin da aka ce

Jama'a, ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu kan ko gajerun kwasa-kwasai na da amfani ga masu taimaka wa mai kyamara a harkar fim, domin ƙannenmu na Gusau da Ƙauran Namoda.

1. Kusan kowa ya yarda kwas na mako biyu ko uku yana koyar da tushe: daidaita fokas (don hoto ya fito tar), canza lens (gilashin gaban kyamara) cikin hanzari kada ƙurar hunturu ta shiga kyamara, cajin batir tun dare, da kwafe abin da aka ɗauka wuri biyu kafin a goge katin ajiya na kyamara. Wannan na ƙarshe, wallahi, ya isa a biya kuɗi dominsa.

2. Takardar shaida kaɗai ba ta kawo aiki. Darakta yana kiran wanda ya gani a lokeshin (wurin ɗaukar fim), yana zuwa da wuri, ba ya ƙorafi.

3. Kan inda ya fi dacewa a koya ne aka rabu. Wasu sun ce a tara kuɗi a tafi Cibiyar Fim ta Ƙasa da ke Jos. Wasu kuma suka ce gara a bi ubangida a Kano, ana koyo ana samun na abinci.

4. Kafin ka biya, tambayi ko za a ba ka kyamara ka riƙe da hannunka.