Neman kalma: me za mu kira "sketch" da Hausa?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina IT, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a wani ofishin masu zanen gine-gine a nan Sakkwato, cikin wata shidan da ake turo mu ƙarƙashin SIWES, shirin nan da ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta fara tun 1973. Kullum oga sai ya ce kada in taɓa AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, sai na fara kawo masa "sketch". Da na zo yi wa magina bayani sai harshena ya maƙale. In na faɗe ta da Turanci, ji suke na ce siket. In na ce zane, wani lebura ya tambaye ni atamfa ko leshi. Ko ta ina dai kayan mata nake ambata. Kuma "zane" ta haɗa komai: wanda na yi da fensir cikin minti biyu da wanda na kwana uku ina yi a kwamfuta da manhajar Revit. Ina neman kalma ɗaya, gajera.

'Yar Runjin Sambo: Zanen hannu mana. Ai ba sai an wahala ba.

Ɗan Mabera: Na gwada ta, yaya. Amma ogan namu yana da tsofaffin takardu a kabad da aka yi da rula da alƙalamin tawada, kowane bango da awonsa, har da hatimi. Da hannu aka yi su, kuma an gina gidaje da su. Shi kuwa yanzu a tablet yake nasa ɗan zanen, da alƙalamin roba. Kin ga hannu ko na'ura ba shi ne bambancin ba.

Malamin Hausa: Daftari fa? Ko taswira?

'Yar Runjin Sambo: Malam, daftari ta 'yan majalisa ce, kasafin kuɗi take tuna min. Taswira kuma a bar wa masu safiyo da filan ɗin ƙarshe.

Jikan magina: Ku dakata in ba ku labari. Kakana da tubali da azara ya yi gini a cikin gari, bai taɓa riƙe fensir ba. In mai gida ya kira shi, tsayawa yake a filin ya dubi gabas, ya ji ta inda iska ke zuwa, sannan ya ja ƙasa da ƙafarsa: nan zaure, nan shigifa, nan turaka. Mai gida ya ce ɗakin uwargida ya yi kusa da na amarya, sai ya share da tafin ƙafa ya sake ja. Sai an daidaita ake kawo igiya da turaku, a zuba toka a kan layin. Abin da yake cewa shi ne, "Bari mu shata." Abin da ya fito a ƙasa kuma shaci. Ban ga abin da ya raba wannan da naku na fensir ba, sai dai shi takardarsa ta fi faɗi.

Malamin Hausa: Ta zauna. Sai dai ina jin tsoron shaci-faɗi. Kada a ɗauka aikin banza ne, maganar da ba ta da tushe.

Jikan magina: Ranka shi daɗe, ai wannan ma sheda ce gare ni. Shaci-faɗi magana ce da ba a tabbatar ba tukuna. Shaci ma gini ne da ba a tabbatar ba. Laifin yana wurin wanda ya sayar da shi a matsayin tabbas.

Ɗan Mabera: Wallahi nan ka taɓa inda ke min ƙaiƙayi. Makon jiya muka je wani aiki wajen Arkilla, rana ta take, batirin laftof ɗina ya mutu tun kafin azahar. An kai bulo linta, sai ga taga ta faɗa daidai inda matakala za ta bi. Ni na zana ta a kwamfuta, ta fito fes da inuwa da launi, shi ya sa babu wanda ya yi mata gardama, har ni. Shugaban maginan, dattijo ne, ya yage takardar buhun siminti, ya ɗauki guntun gawayi ya yi layi huɗu. Ya ce, "Ɗana, mi kaka nema cikin wanga akwati? Ga ta nan, mu matsa da ita bulo biyu." Na ce, "Baba, haka ne." Abin da na lura, zanen kwamfuta in ka miƙa wa mutum sai ya ce madalla ya yi shiru, don ya ga kamar an gama. Na gawayi kuwa har lebura sa baki yake.

Ba wai zan jefar da Revit ba, kada a ji ni ba daidai ba. Ba mai ba ka izinin gini da takardar siminti, kuma lissafin ƙofofi da tagogi na bene hawa uku gara na'ura ta yi shi.

'Yar Runjin Sambo: To na janye tawa. Amma a gidanmu shati muke cewa, kamar shatin bulala a baya.

Malamin Hausa: Duka biyun ana ji. Ni dai zan ce a bar wa bulala shati, tunda alama ce ta abin da ya riga ya faru, a ba ku shaci. Ga yadda za ta kasance: shaci shi ne na farko, wanda ake sharewa a sake, ko a takarda ko a tablet ko a ƙasa. Zane shi ne mai awo, wanda magini zai bi. Aikatau kuma a shirye yake: shata min, na shata, an shata.

Ɗan Mabera: Littafin da muke yawo da shi a aljihu ya zama littafin shaci ke nan. Jam'i fa, Malam? Oga guda goma yake so kafin Litinin.

Malamin Hausa: Shace-shace. Je ka fere fensir.