Ƙanena yana son riƙe albashinsa da kansa, gida sun ce a'a. Ina iyakar take?

Yayar Auta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga masu ɗa ko ɗan'uwa mai raunin fahimta a gida.

Autanmu shekararsa 26, an haife shi da larurar Down, wadda ke kawo raunin fahimta. Yana magana, ko da yake sai wanda ya saba da shi ke gane duk abin da ya faɗa. Yana wanka ya shirya da kansa, yana gane lambobi, kuma hanyar da aka bi da shi sau ɗaya ba ya ɓata a kanta. Bara wani bawan Allah ya ɗauke shi aiki a wurin wanki da guga, yana ninke kaya yana jerawa. Tun daga nan ya zama wani mutum daban. Wanda a da sai an yi da gaske yake barin gaban talabijin, yanzu shi ke ƙwanƙwasa mini ƙofa da safe kada ya makara.

Watan jiya wani abokin aikinsa ya nemi rance, Auta ya cire kusan rabin albashinsa ya ba shi. Har yau shiru. Babban yayanmu ya ce daga yanzu a riƙa turo albashin asusuna, a karɓe katin ATM ɗin, ni in riƙa ba shi na kashewa. Mama ta goyi baya. An yi zaman nan Auta yana wurin, ana ta "a karɓe masa", "a ajiye masa", babu wanda ya juya ya tambaye shi. Da dare ya shigo ɗakina, ya damƙe katin a ƙirji da hannu biyu, ya ce, "Yaya, ni na yi aikin." Bai ƙara komai ba.

Na san yayanmu ba mugunta yake nufi ba, tsoro ne, kuma ni ma ina jin tsoron. Sai dai abin ya wuce kuɗi. Kayan da zai sa, Mama ke fito masa da su. Askinsa iri ɗaya ne tun yana yaro. A asibiti ni likita ke kallo yana tambayar "ina ke masa ciwo?" alhali mai ciwon na zaune a gabansa. Wannan na ƙona mini rai ƙwarai.

To me zan sakar masa, me zan riƙe? Kuma ta yaya zan san zaɓin da ya yi nasa ne, tunda sau da yawa duk abin da aka ce masa sai ya ce "to"?

Malamar Aji:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na daɗe ina koyar da irin su Auta, bari in fara da "to" ɗin nan, domin nan ne yawancin iyaye ke ruɗewa.

Sanannen abu ne. A farkon shekarun 1980 wata mai bincike a Amurka, Carol Sigelman, da abokan aikinta sun riƙa yi wa masu raunin fahimta tambaya, can kuma su juyo da kishiyarta, sai da yawa su amsa "e" ga duka biyun. Akwai kuma ɗabi'ar ɗaukar abin da aka ambata a ƙarshe. Wani ɓangare na dalilin shi ne doguwar magana tana zubewa, wutsiyarta kaɗai ke saura a kai. Amma babban ɓangaren, a ganina, mu muka koya musu. Mutumin da tun yana ƙarami duk amsar da ya bayar sai an gyara, ya gano cewa "to" ce ke kawo zaman lafiya.

Don haka ki rage tambayar e ko a'a. Ki shimfiɗa riguna biyu a kan gado ki ce ya ɗauka. Gobe ki sauya musu wuri ki ga ko rigar yake bi ko hannun dama. Idan kin yi tambaya ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci, kada ki cike masa gurbin. Wannan shirun yana da wuya fiye da yadda ake zato, ni kaina har yanzu sai na danne bakina. Idan magana ce babba, ki ce ya maimaita miki da kalmominsa. Kuma a lura da wanda ke tambayar: amsar da zai ba ki a ɗaki daban take da wadda zai bayar a gaban babban yaya. Sannan mutum ba ya zaɓar abin da bai taɓa gani ba. In kina son sanin askin da yake so, sai ya ga hotuna, ya gwada ɗaya, ko da bai yi wa Mama kyau ba. Gashi ne, zai sake fitowa.

Kan kuɗi, kada a karɓe katin. Ku zauna tare ranar albashi da ambulan uku: na mota, na kashewa, na ajiya. Shi zai saka da hannunsa. Bankuna da yawa suna bari a ƙayyade abin da za a iya cira a rana, ku je tare, a yi masa bayani, ya amince. Ku yi wasan kwaikwayo a gida, ke ki zama mai neman rance, shi ya saba da cewa "sai na yi shawara". Jimla ɗaya ce, amma tana tare ɓarna mai yawa. Shi kuwa wanda ya ci bashin, ki raka Auta wurinsa, ki tsaya a gefe, shi ya buɗe baki ya nemi kuɗinsa.

Baban Yara:

Malama, ina girmama iliminki, amma ku bar ni in faɗi nawa, in kunne ya ji jiki ya tsira.

'Yata shekararta 31. Mun sakar mata waya da asusu saboda irin wannan shawarar. Wani ya yi ta kiranta yana yi mata daɗin baki, har ta karanta masa lambobin da banki ya turo. Kafin mu farga an kwashe ajiyarta kaf. Kuɗin bai dame ni kamar halin da ta shiga ba. Ta daina cin abinci, tana ta cewa ita ce mara kyau. Ranar nan babu mai maganar 'yanci ko ɗaya a gidana, ni da mahaifiyarta ne muka kwana muna rarrashi.

'Yata Yayar Auta, wanda ya karɓi rabin albashin nan ya ga ƙofa a buɗe. Zai dawo, kuma zai faɗa wa wasu. Riga, aski, abin da zai kalla, wanda zai yi abota da shi, duk ki sakar masa, ban ja ba. Amma kuɗi da duk takardar da ake sa hannu, ni dai na riƙe na 'yata, kuma ban yi nadama ba. Abin da ke hana ni barci ɗaya ne: ranar da babu ni, wa zai riƙe?

Ɗalibin Lauya:

Baba, Allah ya mayar da alheri. Tambayarka ta ƙarshe ta shafi dokokin da ƙasashe da dama suka canja, bari in ɗan kawo abin da na karanta.

A Disamban 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu nakasa, ta fara aiki a 2008. Sashe na 12 ya ce mai nakasa yana da ikon gudanar da al'amuransa a gaban doka daidai da kowa, kuma wajibi ne a ba shi tallafin da yake buƙata don ya yi amfani da ikon. A 2014 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fayyace cewa abin bi shi ne muradin mutumin da abin da ya fi so, maimakon abin da wasu suka ga ya fi masa. Peru ta gyara dokarta a kan haka a 2018, Kolombiya a 2019, Sifaniya a 2021. Kuma Baba, sashen bai manta da macuta ba. Ya nemi a sa matakan kariya daga masu yaudara, har da shi kansa mai riƙon, domin wanda aka damƙa wa asusu shi ma yana iya ci.

Wadda nake ganin za ta fi yi wa Yaya amfani a aikace ita ce dokar Ingila da Wales ta 2005. Ta ce a ɗauka mutum yana iya yanke shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kuma ba a cewa ya gaza sai an yi duk abin da za a iya don taimaka masa. Ta ce yin zaɓin da bai dace ba shi kaɗai ba hujja ba ne, in ba haka ba duk wanda aka taɓa cinye wa bashi sai a karɓe katinsa. Ana duba abu huɗu: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya auna shi, ya bayyana abin da ya zaɓa ko da da nuni ne. Ana yin haka ne kan kowace shawara daban. Mutum na iya sarrafa kuɗin mako ya kasa fahimtar takardar bashin banki. Inda ya kasa, dokar ta yarda a yanke masa, amma ta hanyar da ta fi ƙarancin tauye shi.

A 2013 wata kotu a jihar Virginia ta Amurka ta saurari ƙarar Jenny Hatch, mai larurar Down, 'yar shekara 29. Iyayenta na son ta zauna a gidan kula da masu nakasa, ita kuma tana son zama da abokanta masu shagon da take aiki. Alƙali ya bi zaɓinta, ya ba abokan riƙo na shekara ɗaya kacal, da sharaɗin su taimaka mata ta riƙa yanke shawara da kanta.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kafin a taɓa asusun baligi a nemi lauya.

Yayar Auta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, labarin 'yarka ya taɓa ni, Allah ya ƙara mata lafiya.

Na gwada abu huɗun nan ba tare da ya san gwaji ba ne. Na tambaye shi me ya sa ya ba da kuɗin, ya ce mutumin ya ce ɗansa ba lafiya. Na ce rance fa, mene ne? Ya ce, "Zai dawo da shi." Ashe wannan ya gane sarai. Da na ce me yake tara wa kuɗi, sai ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton keke shuɗi. Duk gidan babu wanda ya san da maganar keken nan. Inda ya tsaya shi ne yawa: bai haɗa cewa rabin albashi ya tafi yana nufin keken ya ƙara nisa ba. Da na jera masa takardun kuɗi a tebur na janye rabi, sai ya yi tsit, can ya ce, "Da yawa."

Yayanmu ya yarda a gwada ambulan na wata uku, da sharaɗin a ƙayyade cirar rana. Auta ma ya yarda, kuma na tambaye shi sau biyu, a ranaku daban.

Baban Yara:

Madalla. Ni kan takardu da lambobin banki ina nan kan bakana. Amma Malama, 'yata tana karanta lambobi, amma ba ta gane lissafi ko kaɗan. Ambulan ɗin zai yi mata aiki?

Malamar Aji:

Zai yi, Baba. A manna hoto a bayan kowanne: mota a ɗaya, abin da take so ta saya a ɗayan. A fara da biyu kawai, da kuɗin da in ya ɓace ba za a ji zafi ba, kuma takardun su zama iri ɗaya don ta riƙa ƙirga su da yatsa. In ta kashe na mako a rana ɗaya, kada a yi faɗa kuma kada a ƙara mata, a jira mako ya zagayo. Wanda kake sa ran zai kula da ita bayanka, ka sa shi a zaman tun yanzu, ya koyi yadda ake tambayarta.