Musayar Baitoci: Kyauta Ce Ko Cin Amana?

Tsohon Akawu: Assalamu alaikum. Ga tambaya, a amsa da baiti, amsa-amon waje "na".

Ga ma'aikaci bisa kan kujera,
Mai fayil ya gaji da jira,
Ya miƙo ambulan, ya ƙara
Da "godiya ce kawai na tara",
Kyauta ce, ko cin amana?

'Yar Alƙalami:

Baba, an riga an amsa maka:
Ma'aikacin Manzo (SAW), Ibnul Lutbiyya, ya karɓo zakka,
Ya ware wani kaso, ya ce haka
Mutane suka ba shi don ƙauna.

Manzo (SAW) ya hau mumbari ya tsaya,
Ya ce ya zauna gidan mahaifiya
Ko na uba, ya ga zahirin gaskiya,
In za a bi shi can da hadiyya.
Kujera ake ba wa, Babana.

Ɗan Auta:

Yaya, baitinki ya ratsa ni,
Sai dai mai karɓa bai rasa sani,
Abin da yake tsoro ido mai gani.
Suwidin a 1766 ta yi tunani,
Ta buɗe takardun hukuma kowa ya auna.

A 1809 ta naɗa mai jin koke,
Talaka ya kai ƙarar wanda ya maƙe,
A buɗe fayil, a bi, a bincike.
Wa'azi ba bincike, Yaya, ina rana?

Tsohon Akawu: Sannu ɗana, ka yi magana. Amma na daɗe a ofis, bari in ƙara.

Doka kam an rubuta da yawa,
A 2003 ƙasashe sun yi haɗuwa,
Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tsayuwa
Kan yarjejeniyar yaƙi da rashawa,
Ga hatimi, ga sa hannu, ga suna.

Amma ƙaramin akawu bai karanta ta,
Fuskar shugaban ofis yake karanta:
In babba ya ɗauki ɗan 'yar'uwarsa don gata,
Ya tsallake wanda ya cancanta,
Yaro ya gane darasin a rana.

Kwamitin Nolan a Birtaniya,
A 1995 ya jera ƙa'idojin aikin hukuma bakwai a tsintsiya,
Da riƙon amana, da faɗin gaskiya,
Ya rufe da shugabanci, ku ji dubara:
Na sama ya fara, na ƙasa ya gane.

'Yar Alƙalami: Baba, ƙafar "na" ta zame maka a ƙarshe, mun yafe don ma'anar ta tsaya. Ni ga abin da ke ci mini rai:

Wanda ya ƙi ci, ya tona asiri,
A yi masa canjin wurin aiki da wuri,
Ƙarin girma ya tsaya, a ce "haƙuri",
Abokan aiki su mai da shi bare a wuri.
Wa zai tsaya masa in ya tona?

Sashe na 33 na yarjejeniyar 2003 ya ce a duba kare shi,
Ɗan Auta, wane ofis zai riƙe shi?
Amsa da baiti, ina nan ina sauraron na gaba da zai zana.